Manhajar EDA a hannun ɗalibin da ke son gwada tasirin abinci a kan kumburin hanji

Manhajar Experimental Design Assistant, wadda aka fi sani da EDA a taƙaice, shafi ne na intanet da cibiyar NC3Rs ta Birtaniya ta buɗe a shekarar 2015 domin taimaka wa masu bincike su tsara gwajin da za su yi da dabbobi tun kafin su taɓa dabba ko ɗaya. Gwamnatin Birtaniya ce ta kafa cibiyar a 2004, kuma aikinta ya ginu ne a kan ƙa'idoji uku da William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a 1959, wato a maye gurbin dabba da wani abu idan hakan zai yiwu, a rage yawan dabbobin da ake amfani da su, a kuma sassauta musu wahala. Ba a biyan komai kafin a yi amfani da manhajar, rajista kawai ake yi. Na auna ta ne da buƙatar mutum guda, wato ɗalibin da ke son ya gano ko wani nau'in abinci yana tsananta kumburin hanji irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa, ko kuwa yana kwantar da shi. Abin da na gani shi ne manhajar ta ƙware matuƙa wajen tilasta wa ɗalibi ya faɗi abin da yake ƙirgawa, amma ba ta da masaniya a kan hanji, kuma ɗalibin da bai gane wannan iyaka ba zai iya fitowa da tsari mai tsafta wanda yake amsa wata tambaya daban da wadda ya yi.

Cututtukan da ɗalibin ke bi manya biyu ne. Akwai cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a asibitin Mount Sinai na birnin New York a 1932, wadda kan iya kama ko'ina daga baki har dubura, ta kuma ratsa kaurin bangon hanji gaba ɗaya. Akwai kuma kumburin babban hanji mai gyambo, wanda likitan Landan Samuel Wilks ya siffanta a 1859, shi kuwa daga ƙarshen hanji yake farawa ya yi sama, kuma yakan tsaya a shimfiɗar ciki. A dukkansu biyun garkuwar jiki ce ke yin faɗan da ya wuce kima, kuma galibin masana a yau suna ganin faɗan ya fi karkata ne ga ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji, a jikin mutumin da ya gaji wani rauni. Tun da aka gano alaƙar ƙwayar gado ta NOD2 da cutar Crohn a 2001, an tattara wurare sama da 200 a kundin gadon ɗan Adam da ke da hannu a lamarin.

Ba abin mamaki ba ne ɗalibai su riƙa rububin wannan fanni, domin abinci shi ne abin da ya fi saurin sauya bakteriyar hanji, kuma akwai binciken da ke jan hankali. Likitocin yara sun daɗe suna kwantar da cutar Crohn ta hanyar ɗora yaro a kan abincin ruwa na musamman shi kaɗai har tsawon mako 6 zuwa 8. A 2012 Suzanne Devkota da Eugene Chang na Jami'ar Chicago sun nuna cewa kitsen madara yana sauya sinadaran matsarmamar ɓera ta yadda wata bakteriya mai suna Bilophila wadsworthia ke bunƙasa, kumburi kuma ya ƙaru a ɓerayen da ke da raunin gado. A 2015 Benoit Chassaing da Andrew Gewirtz na Jami'ar Jihar Jojiya sun ba ɓeraye biyu daga cikin sinadaran da masana'antu ke zubawa a abinci don haɗa mai da ruwa, kashi 1 cikin 100 a ruwan sha, suka ga bakteriya ta ƙara kusantar bangon hanji, kumburi kuma ya bayyana a ɓerayen da garkuwarsu ke da tawaya. Ɗalibi ya karanta irin waɗannan sai ya ce shi ma zai gwada nasa, kuma a nan ne EDA ke shigowa.

Da mutum ya shiga, fili ne fari zai tarar da jerin ƙananan akwatuna a gefe. Kowane akwati yana wakiltar wani sashe na gwaji: tarin dabbobin da za a fara da su, yadda za a raba su, rukunan da za su fito daga rabon, abin da za a yi wa kowane rukuni, abin da za a auna, da kuma lissafin da za a yi a ƙarshe. Mutum yana jawo akwatunan yana haɗa su da kibiyoyi har gwajin ya fito a zane daga farko zuwa ƙarshe, kuma cikin kowane akwati akwai guraben da ake cikewa, kamar nau'in dabbar, jinsinta, da yadda aka ajiye ta. Idan ya gama sai ya danna maɓallin neman sharhi, manhajar ta bi zanen ta liƙa alamomi a wuraren da ta ga giɓi. Wata alamar tana nufin akwai kuskuren da dole a gyara, wata gargaɗi ce, wata kuwa shawara kawai. Wannan zane shi kaɗai ma yana da amfani, domin tunanin da ke yawo a kai yakan yi kamar ya kammalu, sai an zo ɗora kibiya daga wannan akwati zuwa wancan ɗalibi zai ga cewa bai taɓa yanke shawarar ranar da zai fara auna nauyi ba, ko kuma bai san ko rukunin kwatance, wato wanda ba a ba shi abin da ake gwadawa ba, zai sha ruwa zalla ba ne.

Wurin da manhajar ta fi burge ni shi ne inda take neman a faɗi tubalin gwaji, wato abu mafi ƙanƙanta da za a iya ba shi magani ko abinci shi kaɗai ba tare da na kusa da shi ya samu ba. Galibin ɗalibai za su ce ɓera ne, ba tare da sun tsaya tunani ba. A ɗauki misalin ɗalibin da aka ba ɓeraye 20 da keji 4. Ya zuba biyar-biyar, keji biyu suna cin abincin da aka sa wa sinadarin da yake son gwadawa, keji biyu suna cin na yau da kullum, shi kuma a lissafinsa yana da ɓera 10 a kowane ɓangare. Amma abincin ɓera a ɗakin gwaji ana zuba shi ne a wani lungu na murfin waya da ke saman kejin, dukkan mazauna kejin kuma daga nan suke gwaguya, kamar yadda suke sha daga kwalba ɗaya. Ba ɓera aka ba abincin ba, keji aka ba. Saboda haka abin da ɗalibin yake da shi a zahiri biyu ne a kowane ɓangare, ba goma ba. Shafukan bayani na EDA sun fito da wannan batu fili, kuma idan ɗalibi ya karanta su ya rubuta keji a gurbin, dukkan lissafin da ke biyo baya sai ya sauya. Masanin muhalli Stuart Hurlbert ya yi kakkausar suka a kan irin wannan kuskure tun a 1984, amma har yau ana samunsa a rubuce-rubucen manyan masu bincike, balle na ɗalibai.

A binciken hanji lamarin ya wuce ƙa'idar lissafi kawai, domin ɓeraye suna cin kashin junansu. Ɗabi'arsu ce, ba alamar rashin lafiya ba. Sakamakon haka mazauna keji ɗaya sukan wayi gari da bakteriyar hanji masu kama da juna, waɗanda suka bambanta da na kejin da ke maƙwabtaka da su ko da abincinsu ɗaya ne. Ɓeraye biyar na keji ɗaya kamar shaidu biyar ne da suka ji labari daga bakin mutum guda: yawansu ba ya ƙara wa maganar ƙarfi. Idan keji biyun da ke cin sinadarin suka fi kumburi, babu yadda za a yi a san ko sinadarin ne ya jawo, ko kuwa tun farko ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da wata bakteriyar da ta bazu a tsakanin mazaunansa. Wanda yake ganin wannan zuzutawa ce ya tuna abin da Ivaylo Ivanov da Dan Littman na Jami'ar New York suka bayyana a 2009, lokacin da suka gano cewa ɓeraye iri ɗaya da aka sayo daga kamfanoni biyu sun sha bamban wajen yawan wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira Th17 a hanjinsu, kuma dalilin bai wuce wata bakteriya guda da ke cikin na wannan kamfani ba ta cikin na wancan ba.

Maganin da ya fi dacewa shi ne a yawaita keji a rage mazauna, ɓera biyu ko uku a kowanne, sannan a ɗauki matsakaicin awon kowane keji a matsayin lamba ɗaya. Ɗalibi mai wayo zai ce to a ware kowane ɓera shi kaɗai mana, sai dai ɓera dabba ce mai son zama da 'yan uwanta, kaɗaici yana takura mata, takurar kuma tana taɓa garkuwar jiki, ga shi kwamitocin ɗa'ar bincike ba sa amincewa da hakan sai da hujja. Wani kuma zai ce a ɗura wa kowane ɓera nasa ta baki, a cakuɗa masu samu da marasa samu a keji ɗaya. Ta fuskar ƙididdiga wannan ya mayar da ɓera tubalin gwaji, amma idan ta hanyar bakteriya sinadarin ke aiki, cin kashin juna zai goge bambancin da ake nema. Manhajar za ta karɓi kowanne daga cikin waɗannan tsare-tsare ta yi sharhi a kansa, amma wanda ya san ɗabi'ar ɓera ne kaɗai zai zaɓa a tsakaninsu.

Daga nan sai lissafin yawan dabbobi, wanda kan sanyaya wa ɗalibi gwiwa. Manhajar tana da na'urar lissafi da ake shigar wa bambancin da ake son ganowa, da irin tazarar da awon ke yi a tsakanin dabbobi, ita kuma ta faɗi adadin da ake bukata. A misali, babban hanjin ɓera yana gajarta idan ya kumbura, don haka tsawonsa na cikin abubuwan da ake yawan aunawa. Idan ɗalibi ya ce yana son ya gano bambancin santimita 1, kuma ya ƙiyasta cewa tazarar awon ita ma santimita 1 ce, to a bisa ma'aunin da aka saba, wato damar ganowa ta kashi 80 da damar kuskure ta kashi 5 cikin 100, zai bukaci tubali 17 a kowane rukuni. Idan bambancin da yake nema rabin haka ne, adadin zai tashi zuwa 64. In kuwa tubalin keji ne, to keji 17 ake nufi. Da yawa daga cikin ayyukan ɗalibai a nan ya kamata su tsaya a sake tunani, kuma ina ganin wannan alheri ne babba, domin gwajin da ba shi da ƙarfin gano komai ya wahalar da dabbobi ne a banza. Na'urar lissafin dai ta taƙaita ne ga kwatanta rukuni biyu. Shi kuwa gwajin abinci da kumburi da aka tsara da kyau rukuni huɗu yake bukata, wato abincin gwaji da na kwatance, kowanne da kumburi da kuma ba kumburi, don a san ko abincin shi kaɗai yana sauya nauyi ko tsawon hanji. A irin wannan hali ɗalibi zai bukaci wata manhajar, kamar G*Power ta Jami'ar Düsseldorf, ko kuma ya nemi masanin ƙididdiga.

Batun ƙuri'a da ɓoye rukuni kuwa manhajar ta yi masa dabara mai kyau. Tana haɗa jerin rabon dabbobi ta hanyar ƙuri'a bisa zanen da aka yi, sannan ta aika shi ta imel ga wani mutum daban da aka zaɓa, ba ga mai gwajin ba, don ya kasance bai san wane keji ne ke cin me ba. Muhimmancin wannan yana bayyana idan aka dubi yadda ake auna tsananin ciwon a kullum. Ana ɗaga ɓera, a ɗora shi a sikeli, a jira ya yi kashi, a murza kashin a ga ko busasshe ne, ko ya yi laushi, ko ya zama gudawa, a duba ko da jini, sannan a ba kowanne maki daga 0 zuwa 4. Tsakanin laushi da tsananin laushi hukuncin ido ne, kuma idon da ya san amsar da yake so yakan karkata ba tare da mai shi ya sani ba. Haka abin yake wajen duba yankan hanji a madubin ƙara girma. Sai dai a gwajin abinci ɓoyewar tana da wuya fiye da yadda zane ke nunawa, domin kamfanonin da ke haɗa abincin gwaji sukan rina shi da launi daban-daban don kada a rikita, abinci mai yawan kitse yana da maiƙo da taushi, har kashin ɓeran ma yakan sauya kama. Dole a tsara cewa wani ne zai fito da ɓeran daga kejinsa ya miƙa wa mai ba da maki a wani mazubi tsirara. Manhajar za ta tambayi ko an ɓoye, ba za ta san cewa launin abinci ya tona asiri ba.

Wannan ya kawo ni ga babbar iyakarta. EDA ba ta tambayar ko hanyar da aka zaɓa ta jawo ciwon ta dace da tambayar da ake yi. Kusan kowane ɗalibi zai zaɓi sinadarin dextran sulfate sodium, wato DSS a taƙaice, wanda Isao Okayasu da abokan aikinsa a Japan suka bayyana amfani da shi a ɓeraye a 1990, saboda sauƙinsa: a narka kashi 2 zuwa 5 cikin 100 a ruwan sha, cikin kwana 5 zuwa 7 ɓera ya rame, ya yi gudawa da jini. Amma DSS guba ce da ke ɗaye shimfiɗar hanji kai tsaye, bakteriya ta samu ƙofa, kumburi ya biyo baya. Yana jawo ciwon har a ɓerayen da ba su da ƙwayoyin garkuwa na T da B sam. Ke nan abin da yake nunawa shi ne rauni da warkewar bangon hanji da martanin garkuwa ta farko, ba garkuwar da ta juya wa jiki baya ba. Ɗalibin da ya rubuta a kan aikinsa cewa yana binciken ciwon da garkuwa ke haddasawa, alhali DSS ya yi amfani da shi, ya yi kitso da kwarkwata, kuma babu alamar gargaɗin da za ta fito masa a zane. Hanyoyin da suka fi kusa da tambayarsa su ne ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon IL-10 (sinadarin jiki ne da ke kwantar da kumburi), waɗanda aka bayyana a 1993, waɗanda kumburin ke taso musu da kansa amma ba ya tasowa idan an raine su babu bakteriya ko ɗaya a jikinsu, da kuma hanyar da Fiona Powrie ta fito da ita a shekarar, ta ɗaukar wasu ƙwayoyin T a zuba wa ɓeran da ba shi da nasa. Waɗannan suna ɗaukar makonni ko watanni, suna kuma bukatar kayan aiki da ƙwarewar da ɗalibi ba kasafai yake da su ba. Babu laifi a yi amfani da DSS, laifin shi ne a kira shi da sunan da ba nasa ba.

Haka nan manhajar ba za ta gane abincin kwatance mara dacewa ba, kuma wannan tarko ne da ya kama mutane da yawa. Abincin ɓera na yau da kullum ana yin sa ne da hatsi da waken suya da makamantansu, cike yake da harza iri-iri, wato zaren tsirrai da hanji ba ya narkarwa da kansa, wanda bakteriya ke ci. Abincin gwaji kuwa sau da yawa tatacce ne, irin wanda aka gina a kan tsarin AIN-93 na 1993, da aka haɗa daga furotin na madara da sitaci da sukari da mai, kuma harzar da ke cikinsa kashi 5 ce cikin 100, ita ma irin wadda bakteriyar ɓera ba ta iya narkarwa sosai. Ɗalibin da ya kwatanta tataccen abinci mai kitse da abincin yau da kullum yana zaton kitse kaɗai ya sauya, alhali ya sauya abubuwa da yawa lokaci guda, harza a gaba. Ita kuwa harza ba ƙaramin abu ba ce a nan. Bakteriya tana mayar da ita sinadarai irin su butiret, wanda ƙwayoyin bangon babban hanji ke amfani da shi a matsayin makamashi, kuma a 2016 ɗakin gwajin Eric Martens na Jami'ar Michigan ya nuna cewa idan aka hana bakteriya harza sai ta koma cin yauƙin da ke kare bangon hanjin. Kada kuma ɗalibi ya ɗauka cewa ƙarin harza alheri ne a kowane hali, domin ɗakin gwajin Gewirtz ya ruwaito a 2017 cewa ƙara wata irin harza mai suna inulin a tataccen abinci ya tsananta ciwon DSS maimakon ya sassauta shi. A zanen EDA duk wannan akwati biyu ne kawai, ɗaya an rubuta abincin gwaji, ɗaya an rubuta na kwatance.

Akwai wani ƙaramin abu da ya cancanci ambato, domin yana iya rusa aikin gaba ɗaya. Tunda a ruwa ake ba da DSS, yawan abin da ɓera ya sha shi ne yawan gubar da ya samu. Abinci mai gishiri ko mai yawan furotin yana sa ƙishirwa, don haka rukunin da ya fi rashin lafiya yana iya kasancewa wanda ya fi shan ruwa ne kawai. Auna kwalbar kowane keji a kullum shi ne maganin. A nan manhajar tana da amfani idan ɗalibi ya riga ya san matsalar, domin tana da gurbin shigar da abubuwan da ke yin katsalandan, kamar jinsi, shekaru, matsayin keji a kan kanta da lokacin awo, tana kuma nuna yadda za a shigar da su cikin rabo ko cikin lissafi. Jinsi musamman ya kamata a kula da shi, tunda mazan ɓeraye sukan fi mata jigata da DSS, kuma a 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta fara bukatar masu neman tallafinta su yi la'akari da jinsi a tsarin bincikensu.

Duk abin da na faɗa ya shafi ɗalibin jami'a ne da ke aiki ƙarƙashin malami mai lasisi. A Birtaniya dokar 1986 ce ke tafiyar da gwaji da dabbobi, a Tarayyar Turai kuma umarnin 2010, kuma babu inda ake barin ɗalibi ya jawo wa ɓera gudawar jini don kansa. Dole tsarin ya bi ta kwamitin ɗa'a, dole kuma a rubuta tun farko matakin da za a dakata a kawo ƙarshen wahalar dabbar, wanda galibi ake sa shi a zubewar kashi 20 cikin 100 na nauyi. Ga ɗalibin sakandare kuwa ƙofar a rufe take, domin ISEF, gasar kimiyya ta duniya ta ɗaliban sakandare, ta haramta gwajin da zai jawo wa dabba mai ƙashin baya zafin da ya wuce na ɗan lokaci. Abin da ya rage masa shi ne ƙudan 'ya'yan itace, wanda shi ma DSS yana lalata masa hanji, kuma ana iya ganin lalacewar da ido: a sa shuɗin launin abinci a abin da ƙudan ke ci, mai lafiyayyen hanji shuɗin zai tsaya a cikinsa kamar zare, wanda hanjinsa ya ɓule kuwa jikinsa duka zai yi shuɗi. Ƙuda ba shi da ƙwayoyin T da B, don haka tambayar za ta koma kan ƙarfin bangon hanji ne kawai, kuma ya kamata ɗalibi ya faɗi haka a sarari. An gina EDA ne don dabbobin ɗakin gwaji, amma tunaninta yana aiki a nan ma, domin ƙudaje 20 da ke cikin kwalba ɗaya suna cin abinci ɗaya, kwalbar ce tubali. Gara ma a nan, tunda ƙara kwalba ya fi ƙara keji sauƙi nesa ba kusa ba.

Ta fuskar sauƙin amfani, sai an yi haƙuri da ita. Da Turanci take, Turancin ma na masu ƙididdiga, kuma wanda bai taɓa karatun tsara gwaji ba zai shafe lokaci mai tsawo yana karanta shafukan bayani kafin ya iya haɗa akwatunan yadda manhajar za ta fahimta. Akwai misalai da zane-zanen da aka riga aka shirya, kuma farawa da ɗaya daga cikinsu ya fi farawa da farin fili. Ba ta yin lissafin sakamako da kanta, sai dai ta ba da shawarar hanyar da ta dace ta kuma nuna wa mutum manhajar lissafi ta InVivoStat, wadda ita ma kyauta ce. Shawarar tana dogara ne kacokan ga abin da aka shigar. Idan ɗalibi ya ce makin tsananin ciwo awo ne irin na santimita, za a ba shi shawarar da ta dace da santimita, alhali tazarar da ke tsakanin maki 1 da 2 ba lallai ta yi daidai da ta 3 da 4 ba. Wannan ma dalili ne na a zaɓi awo ɗaya tak a matsayin babban ma'auni tun kafin a fara, tsawon hanji ko nauyi a wata rana da aka ƙayyade, maimakon a auna abu goma a zo a ɗauki wanda ya fito da kyau.

Tana fitar da rahoto a ƙarshe, mai ɗauke da zanen da muhimman bayanan tsarin, wanda za a iya miƙa wa malami ko kwamitin ɗa'a, kuma abubuwan da ke cikinsa sun yi daidai da yawancin abin da ƙa'idojin ARRIVE na rubuta rahoton gwaji da dabbobi ke nema, waɗanda cibiyar ta fitar a 2010 ta sabunta a 2020, kuma mujallu da dama ke so a bi. Zan ba ɗalibin jami'a shawarar ya yi amfani da ita, amma ya fara zama da malaminsa su daddale abu uku da manhajar ba za ta taɓa ba: wace hanyar jawo ciwo ce ta dace da tambayar, wane abincin kwatance ne ya bambanta da na gwaji a abu ɗaya kacal, da kuma ɓera nawa za su zauna a keji. Idan DSS aka zaɓa, a ƙara da ɗan ƙaramin gwajin share fage da izinin kwamiti, domin ƙarfin sinadarin yana bambanta daga wannan zubin na kamfani zuwa wancan, kuma nau'in ɓeran gwaji da ake kira C57BL/6 ya fi wanda ake kira BALB/c saurin kamuwa. Daga wannan ƙaramin gwaji ne ɗalibin zai samu ainihin tazarar awon da na'urar lissafin ke nema, maimakon ya shigar da lambar da ya aro daga binciken wani ɗakin gwaji mai ɓeraye da bakteriya daban.